Sawun Shanu a Bayan Katanga

Litinin, 3 ga Afrilu 1978, bayan la'asar

Yau ma famfo ya ɗauke tun hantsi. Na dawo daga ofishin gona na tarar matata Shatu ta jera bokitai a tsakar gida, babu ko ɗigo a ciki. Ta ce, "Malam, kai ne fa shugaba." To na ji. Kowa abin da yake faɗa mini ke nan, sai ka ce ni nake cika tankin da bakina.

Ni Falalu, da na san haka shugabancin Ƙungiyar Masu Gida yake, wallahi da ranar zaɓe na yi zamana a wurin aiki. Gwamnati ta gina wa ma'aikata gidaje a bakin Kazaure, muka saya, muka ɗauko Kamfanin Maikasuwa ya riƙe mana inji da tanki da kwata da shara. Nawa aikin in tsaya tsakanin mutane da kamfanin, shi ke nan. Yanzu ga bazara ta kankama. Ana kunna inji da yamma, tanki ya cika har ya tumbatsa, rana na ɗagawa a ce babu ruwa. Ina yake zuwa? Wani ne yake kwashe shi, kuma sai na gano ko wane ne.

Talata, da azahar

Na je ofishin kamfanin. Sama'ilu wakilinsu yana zaune a cikin ɗaki da baƙin tabarau. A cikin ɗaki fa! Mutumin da ba ka ganin idonsa, ta ina za ka yarda da shi?

Na ce, "Sama'ilu, ko dai ba kwa cika tankin nan ne, ko kuma yoyo yake yi."

Ya miƙe har da rusunawa. "Ranka ya daɗe, injina lafiya lau, tankina ko gumi ba ya yi. Mai kwashe muku ruwa yana cikinku."

Injina, tankina. Ji shi, kamar na gadonsa. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga masu buga bulo na hanyar Roni, na sha ganin babur ɗin Sama'ilu, besfa, a ajiye a wurinsu. Ban faɗa masa ba. Zan sa ido.

Alhamis, 6 ga wata, bayan magariba

Adda ta dama mini fura da kindirmo mai kauri, rabona da irinsa tun ina yaro a Gwiwa. Ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofata ta juya, kamar kullum. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa tsayawa ta yi magana da ni ido da ido ba. In tana da magana sai ta gaya wa Shatu, ko ta gaya wa bango ina ji. Tun da na ɗauko ta daga ruga bara haka muke.

Na tambayi Shatu inda aka sayo nonon. Ta ce ba saye aka yi ba. Na sha abina.

Asabar, bayan la'asar

Mun yi taro a gindin tanki. An yi ta hayaniya, kowa yana nuna ɗan uwansa da baki. Raina ya ɓaci na tashi na kawo doka: duk gidan da aka kama yana ɓarnar ruwan ƙungiya, ko yana fitar da shi wajen unguwa, kamfani ya yanke masa famfo. Kuma kada maƙwabci ya ba shi ko moɗa ɗaya, in ba haka ba shi ma a yanke nasa.

Muhammadu Lawal, sakatarenmu, ya ce, "Shugaba, ko gidan wa?"

Na ce, "Ko gidan wa. Ko gidana ne."

Aka yi tafi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sama'ilu kaɗai ne bai tafa ba, yana jingine da besfarsa yana murmushi. Murmushin me?

Litinin, 10 ga wata, da safe

Babu ruwa.

Talata, bayan isha

Kawu Daudu, ƙanin Adda, ya shigo gaisuwa. Ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ashe shanunsa suna nan kusa, a fakon da ke arewa da mu. Ya ce tafkuna sun ƙafe tun daga Gwiwa, hanyar da suke bi zuwa ruwa kuma lambuna sun toshe ta, in saniya ta taka yabanya sai gaban alkali. Ya ce ya yi asarar maruƙa.

Da zai tafi ya tsaya yana kallon tankin. Ya ce, "Ka san abin da ke ƙarƙashin wancan ƙarfen?" Na sani mana. Rijiyar da kakana ya haƙa a bakin burtali, wadda ba a taɓa korar makiyayi daga bakinta ba. 'Yan kwangila ne suka rufe ta da kankare lokacin ginin nan. Ba ni na rufe ba. Ko saye ban yi ba a lokacin. Me ya sa zai tambaye ni?

Bai roƙe ni komai ba. Ni ma ban yi masa tayin komai ba. Ya daɗe a ɗakin Adda suna fillanci ƙasa-ƙasa, da na gilma suka yi shiru.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Tiyon ban ruwa da na kawo daga ofis, na rataye shi a bayan kicin tun kaka. Yau na ɗaga shi ruwa ya zubo mini a ƙafa. Wataƙila Shatu ce ta yi wanki da shi.

Ban tambaye ta ba.

Juma'a, bayan sakkowa daga masallaci

Na zagaya bayan gida don in duba kwata, tunda aikina ne. Gidana ne na ƙarshe a layin, katangata ta baya ita ce a bakin burtali. Ƙasar wurin a jiƙe take, ta zama taɓo, ga sawun shanu ko'ina. An jingina wani tsohon komin shayar da dabbobi a jikin katangar, daidai rariya.

To, burtali hanyar kowa ce. Shanu dole su bi ta nan. Komi kuwa kowa na iya yar da komi. Jiƙar ƙasa, ai ruwan wanke-wanke ta rariyar yake fita.

Kaina yana ciwo tun ɗazu.

Asabar, da yamma

Na bi Sama'ilu a keke har wurin masu bulo. Na laɓe a bayan wata motar yashi kamar ɓarawo, ni da girmana. Ashe rijiyarsu gare su, da guga suke ja. Shayi kawai yake zuwa sha. Haushi ya ishe ni.

Da na dawo na same shi ya riga ni isowa gindin tanki. Ya ce, "Shugaba, yau da sassafe na hau sama na duba murfi. Kai, wurin nan da tsayi! Ana hango komai. Har burtali."

Na ce, "Ka yi sallama kafin ka hau? Akwai matan aure a gidajen nan."

Ya ce, "Na yi, ranka ya daɗe. Duk maza kuna masallaci." Ya gyara tabarau ya tafi.

Me yake nufi da har burtali? Me ya gani? In ya gani, me ya hana shi faɗa? Irin su Sama'ilu ba sa yin shiru a banza.

Lahadi, 16 ga wata

An raɗa sunan jaririyar Mamuda, malamin makarantar da ke gida na uku. Mutum ne mai kunya, ko gardama ba ya yi a taro. Matarsa Saude 'yar Kanya Babba ce, uwarta ta rasu, don haka Adda ce take zuwa safe da yamma tana yi mata wankan jego. Rabin duro ake ɗorawa a wuta, a tafasa da ganyen darbejiya.

Muhammadu Lawal ya ja ni gefe a wurin sunan. Ya nuna mini duron, ya nuna mini ɗan lambun alayyafo da tumatir da Mamuda ya yi a gefen gida. Ya ce, "Shugaba, ka ga kore shar a tsakiyar bazara? Ga duro sau biyu kullum. Ina kake tsammani ruwanmu yake tafiya?"

Lambun nan ni na ba shi irin. Ni na bi gida-gida ina cewa gwamnati ta ce kowa ya noma abin miyarsa. Kuma ni malamin gona ne, na san abin da kwami huɗu na alayyafo suke sha. Ba zai kai ko kwatar tanki ba.

Na ce masa, "Za a duba."

Talata, da asuba, kafin in fita

Na ji motsin tiyo ana jan shi a ƙasa. Na ji kukan saniya a kusa. Na ɗauki carbina na fita ta ƙofar gaba. Masallaci yana can ɗaya gefen unguwa, kuma ba na tashi sai rana ta fito. Haka na saba.

Burtali hanyar kowa ce.

Alhamis, 20 ga wata, bayan magariba

Shatu ta fara yi mini wani irin kallo. Ko ita ma da ita? Da na shigo suna magana da Adda, sai suka koma zancen daddawa. Gidana, amma kowa yana da abin da yake ɓoye mini. Yau har man shanu aka sa a tuwo.

Na yi niyyar in yi wa Adda magana. Na je har bakin ƙofarta na tsaya. Ta yaya? Matar da ban taɓa zama da ita na ce mata kaza ba tun da aka yaye ni. In ce mata me? In ce ta bar shanun ƙaninta su mutu a kan rijiyar ubanta? Na yi gyaran murya, ta ce wa bango, "A ce masa abinci na hucewa." Na koma na ci.

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Taro.

Muhammadu Lawal ya tashi ya kama sunan Mamuda. Mutane dama a ƙule suke, mako uku suna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, nan da nan wuri ya ɗauka. Mamuda ya miƙe. Ya ce, "Jama'a, jego ake yi a gidana. Lambun kuwa da ruwan wanke-wanke nake ba shi. Ku tambayi Malam Falalu, shi ya san aikin gona."

Duk aka juyo ana kallona. Sama'ilu ma ya cire tabarau, karo na farko da na ga idonsa. Ƙanana ne, jajaye.

Na ce, "Ni ba na shiga tsakani. Doka ta ƙungiya ce."

Aka ɗaga hannu. Ban ɗaga ba, ban kuma hana ba. Sama'ilu ya ɗauko sufana daga akwatin besfa, ya dube ni ya ce, "Shugaba, in yanke?" Na gyaɗa kai.

Ban ci tuwo ba.

Lahadi, da hantsi

Innalillahi. Adda ta cika bokiti a famfona, ta ɗora a ka, ta fita ta ƙofar gaba gari ya waye sarai. Tsohuwar da ƙafa ke damunta! Ta ratsa layi kowa yana gani, ta shiga gidan Mamuda. Ta dawo ta sake cikawa. Haka ta yi ta yi har duron ya cika. Babu wanda ya iya tanka mata. Muhammadu Lawal ya leƙo ta taga ya mayar da kai.

Da ta gama ta zauna a tabarma tana haki. Ina ɗaki, ƙofa a buɗe. Ta ce, "Shatu, ki ce wa mai gidan nan, a gidan da na tashi ko kare ya zo da ƙishi ana zuba masa. Ki ce masa ya san wanda yake buɗe ruwan, tun ranar da ya taka taɓo ya shigo mini da shi tsakar gida ya sani. Ki ce ni bai tambaye ni ba, ya je ya kama marainiya mai ɗanyen jiki."

Shatu ba ta maimaita ba. Ba sai ta maimaita ba.

Litinin, 24 ga wata

Adda ta tafi. Na dawo daga aiki na tarar ɗakin a share, ƙorenta babu, tabarmarta babu. Kawu ya sa ta a motar 'yan kasuwa zuwa Gwiwa. Shatu ta ce ta roƙe ta har da kuka, Adda ta ce ba za ta kwana a inda ake kulle ruwa ba.

Tiyon yana rataye a wurinsa, an naɗe shi tsaf.

Laraba, bayan la'asar

Ruwa har azahar. Har la'asar ma. Famfo yana ta zuba kamar ba a taɓa yin rashi ba.

Muhammadu Lawal ya zo har gida yana washe baki. "Shugaba, ka gani ko? Ana yanke na Mamuda ruwa ya dawo. Munafuki, ga shi shiru-shiru!" A masallaci mutane suna ta ba ni hannu, wai Allah Ya ba mu shugaba mai tsayawa a kan gaskiya. Wani har cewa ya yi a kai ƙarar Mamuda wurin shugaban makarantarsu.

Na ce a bari tukuna.

Alhamis, bayan magariba

Sama'ilu ya tare ni a hanya. Yau babu rusunawa. Ya ce, "Shugaba, wa'adin kamfaninmu zai cika a watan gobe. Na ji wasu suna cewa a canja mu. Na ce ai muna da Malam Falalu. Mu mun san mutunci, abin da ido ya hango daga sama ba dole baki ya sauko da shi ƙasa ba."

Ashe abin da yake jira ke nan. Tun ranar da ya hau tankin ya sa ni a aljihu, yana tafe da ni. Na so in shaƙe shi. Na ce, "Sai da safe."

Juma'a, 28 ga wata, da safe

Shanun ba su daina zuwa ba. Sun saba. Da asuba suna tsayawa a bayan katanga suna kuka, Kawu yana kora su suna dawowa kan komin. Ina jin su har cikin salla. Abin da na saba gaya wa kaina, yau na kasa ƙarasa rubuta shi.

Burtali hanyar

Asabar, bayan isha

Shatu ta je duba Saude. Ta dawo ta ce ƙafafunta sun kumbura, jikinta da zafi. 'Yan garuwa ba sa isowa nan sai rana ta take, abin da Mamuda yake samu bai wuce na sha da girki ba, wankan ya koma sau ɗaya, jiya ma ba a yi ba. Matan layi suna jin tsoron doka. Dokata.

Shatu ta ce, "Malam, in wani abu ya sami yarinyar nan fa?" Na daka mata tsawa. Ban taɓa yi mata irin wannan tsawar ba.

Abin da ya fi ci mini rai, na haɗu da Mamuda yana turo kura da garwa biyu, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya ya cire hula ya gaishe ni. Ya ce, "Ya Adda ta isa? Allah Ya saka mata." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 30 ga wata, da hantsi

Yau liman yana sallamewa na tashi. Ban tsaya lazimi ba. Na dawo gida gari ya yi haske, shanun suna bayan katanga. Na sauke tiyon, na ɗaura a famfo, na zura ta rariya. Na zagaya na gyara komin da hannuna. Kawu ya tsaya riƙe da sanda yana kallona. Na ce, "Shatu, buɗe duka."

Kai, ban taɓa ganin ƙishi irin wannan ba. Suna turereniya, wata baƙar saniya har ta durƙusa. Na tsaya a cikin taɓon da rigar sallata ina riƙe da bakin tiyo. Ban ɓuya ba. So nake a fito daga masallaci a same ni a haka, kuma an same ni. Muhammadu Lawal ne a gaba, ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Na ce, "Ga inda ruwanku yake zuwa. Daga gidana yake fita, tun farkon bazara. Alayyafon Mamuda bai sha muku komai ba."

Wani ya ce, "To ai ba a gan ka ba sai yau. Wa yake buɗewa da?"

Na ce, "Gidana ne. Famfona ne."

Sai ga ƙarar besfa. Sama'ilu ya sauka, ya dube ni, ya dubi jama'a, fuskarsa ta canja. Abin da yake riƙe da ni da shi ya zube a taɓo. Wallahi wannan kaɗai ya sanyaya mini rai. Ya ce a hankali, "Shugaba, in ɗauko sufana?"

Na ce, "Ɗauko. Amma ka fara biyawa ta gidan Mamuda ka buɗe nasa. Kafin ka dawo sun gama sha."

Talata, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Famfona a yanke. Shugabanci kuma an ba Muhammadu Lawal, Allah Ya ba shi wuyan ɗauka. Na gaya musu a taron jiya su sa kamfani ya fasa kankaren nan ya buɗe rijiyar, aka ce za a duba. Na san ma'anar za a duba.

Hayaƙi yana tashi daga gidan Mamuda safe da yamma. Shatu ta ce kumburin ya fara saɓewa. Ɗazu na ji ana buga ƙofa, na fita na tarar da bokiti biyu cike a bakin zaure, Mamuda ya riga ya juya yana sauri. Na ƙwala masa kira na ce akwai doka fa. Bai waiwayo ba.

Kawu ya biyo da yamma, ya miƙa wa Shatu ƙwarya a rufe da faifai, ya ce daga Gwiwa. Na tambaye shi ko da saƙo. Ya ce babu.

Kindirmo ne. Ƙwaryar kuwa ita ce wadda Adda take dama mini fura a ciki.